Gaɓa Goma Sha Bakwai

Littafin bai kai tafin hannuna ba.
Kuroda ne ya bar mini shi,
injiniyan Japan da ke gyara mana injin saƙa a Kakuri,
ranar da zai koma gida.
Ƙarƙashin rubutunsu mai kama da sawun kaji
ya bi ya sa Turanci da fensir, saboda ni.
Shekara arba'in yana kwance a akwati
tare da katin aikina da takardar sallama.

Yanzu da babu jiniyar da za ta tashe ni,
na ɗauko shi, na goge tabarau.
Haiku suke ce masa.
Layi uku. Biyar, bakwai, biyar.
Na ƙirga a yatsu, na yi dariya:
mu da gaisuwar safe kaɗai,
kafin a kai ga "yaya iyali"
gaɓa goma sha bakwai ta ƙare.

Waɗanda suka rubuta sun daɗe da zama ƙasa,
amma ba su bar wasiyya ba, ba su yi wa'azi ba.
Mutum ya ga abu, ya nuna maka da leɓe,
ya ɗauki sandarsa ya wuce.

Na ce bari in shigo da ɗaya gidanmu.
Kwana tara ina jan sa kamar tunkiya a kan gada,
ga abin da ya yarda ya bi ni:

Takalmi ɗaya
a ƙofa, ya cika da
dusar ƙanƙara.

Lissafi ya fita daidai.
Sai Ladidi, jikata, ta leƙo ta kafaɗata:
"Kaka, dusa ai ta awaki ce."
Gaskiyarta.
A bakinsu abin fari ne, yana sauka ba ƙara,
a bakina ga akuya ta shigo waƙar tana tauna.

Ban taɓa ganin abin ba.
Amma na san ɓurɓushin auduga a ɗakin kaɗi,
yadda yake sauka a gira da gashin baki
har yaro ɗan ashirin ya tashi aiki da furfura.
In sa auduga ke nan?
To, ina sanyin?
In na kawo sanyin, ina mai takalmin ya tafi,
kuma me ya sa ɗaya?

Ladidi ta ce in ƙara layi in yi bayani.
Na ƙara. Waƙar ta mutu a hannuna,
kamar shinge da aka cire wa fiffike.
Na goge.

A masaƙa na koyi wannan, na manta:
zare ba shi kaɗai ne zane ba,
har da 'yan ƙofofin da ke tsakaninsa,
ta nan iska ke shiga ta sami jiki.

Jiya bayan la'asar na hau keke
na bi ta Barnawa, na gangara Kakuri.
Ruwa ya ɗauke, kogi ya yi jajir.
Ƙofar da mu dubu muke turereniya a kanta
ciyawa ta kai mata ƙugu.
Na leƙa ta tagar da ba gilashi.
Na daɗe.
Maigadi ya tambaye ni ko na yar da wani abu ne.
Na ce a'a, ƙirga nake.

A bayan littafin akwai shafi guda fari.
Ban san ko Kuroda na da rai ba,
ban kuma san wa zai juya masa wannan ba,
ko me gizo zai zama in ya isa can.
Na dai rubuta da fensir:

Masaƙa shiru.
Gizo-gizo ne kaɗai
ya zo aiki yau.

Ladidi ta karanta, ta juya shafin, ta ce,
"Sauran fa?"